Gidajen Hasumiya na Ayalan: Tambayoyi da Amsoshi a kan Ginin Ross da Ire-irensa

Duk wanda ya bi hanyoyin karkara a kudanci da yammacin Ayalan, tsibirin da ke yamma da Birtaniya, ba zai yi nisa ba sai ya hango wani dogon gini na dutse, mai kusurwa huɗu, tsaye shi kaɗai a tsakiyar makiyaya, shanu na kiwo a gindinsa. Wani rufinsa ya zube, wani ciyawa mai yaɗo ta lulluɓe shi, wani kuma an gyara shi har ana karɓar baƙi a ciki. Tambayoyin da ke ƙasa a kan waɗannan gine-gine ne, kuma mun riƙe guda ɗaya a matsayin misali, wato ginin Ross da ke bakin tafkin Leane, kusa da garin Killarney a gundumar Kerry.

Mene ne gidan hasumiya?

Gida ne na mai hali wanda aka ɗora ɗakunansa ɗaya bisa ɗaya maimakon a baje su a tsakar gida. Galibi hawa uku ne zuwa shida, a kowane hawa babban ɗaki guda da 'yan ƙananan ɗakuna a cikin kaurin bango. Ƙofar shiga ɗaya ce, a ƙasa. Matakala ɗaya ce, matsattsiya. Tagogin ƙasa tsaga ce kawai da hannu ke iya shiga, sai an yi sama suke faɗaɗa. An gina mafi yawansu tsakanin shekarar 1400 da 1650. Sama da 2,000 na nan har yau, ko dai cikakku ko kango, kuma masana sun sha bamban a kan adadin da aka gina tun farko, wasu na cewa dubu uku da ɗoriya, wasu na kai shi dubu bakwai ko takwas. Sun fi yawa a gundumomin Limerick da Tipperary da Clare da Cork da Kilkenny da Galway.

Wa ya gina Ross, kuma yaushe?

Zuriyar O'Donoghue Mór ce ta gina shi a ƙarshen ƙarni na 15. Kalmar “mór” a harshen Gelik, harshen 'yan asalin ƙasar, na nufin babba, wato shi ne babban gidan O'Donoghue. Su ne ke riƙe da ƙasar da ke kewaye da tafkunan Killarney, a ƙarƙashin babban ubangidansu MacCarthy Mór. Sun zaɓi wuri mai kyau: tsandaurin dutse a bakin ruwa, inda tafki ya tsare musu gefe. Wurin kuwa ba sabo ba ne ga ɗan Adam, domin a tsibirin Ross da ke daf da ginin an haƙi tagulla tun wajen shekara 2400 kafin haihuwar Annabi Isa.

Me ya sa irin wannan gini ya bazu haka a Ayalan?

Sai an koma baya kaɗan. A 1169 Normawa, mayaƙan da asalinsu arewacin Faransa ne, suka tsallako daga Birtaniya suka shiga Ayalan, sarkin Ingila Henry na II ya biyo bayansu a 1171. Su ne suka kawo ginin manyan sansanoni na dutse, irin wanda Hugh de Lacy ya fara a Trim, masu faɗin fili da ganuwa da ɗaruruwan dakaru. Irin wannan sai sarki ko babban hakimi, domin kuɗin da yake ci ba na wasa ba ne.

Ƙarni na 14 ya zo wa mulkin Ingila a Ayalan da masifu a jere. Edward Bruce, ƙanen sarkin Sikotlan, ya shigo da yaƙi daga 1315 zuwa 1318, ga yunwa a shekarun nan. Sai babbar annobar nan ta 1348, wadda ta fi yin ɓarna a garuruwa da tashoshin jiragen ruwa inda baƙin suka taru. Sarakunan gargajiya suka yi ta ƙwato ƙasashensu. Jikokin Normawan kansu suka saje da mutanen ƙasa, suna auren 'ya'yansu, suna magana da harshensu, har majalisa ta zauna a Kilkenny a 1366 ta yi dokokin hana hakan, dokokin da ba su yi wani tasiri ba. Kafin a jima ikon sarkin Ingila ya tsuke ya koma wani ɗan yanki a kewayen Dublin da ake kira Pale.

Da babu hukuma guda mai ƙarfi, sai ƙasa ta rarrabu a hannun iyayen gida masu yawan gaske, kowa tasa ta fisshe shi. Dukiyar zamanin shanu ce, kuma kai hari a kore garken maƙwabci abu ne da aka saba, har sabon shugaba kan yi shi don ya nuna ya isa. Ga kuma rigimar gado: a al'adar Gelik sarauta ba lalle ta faɗa wa babban ɗa ba, duk namijin da ya cancanta a cikin dangi yana iya nema. Saboda haka sau da yawa wanda mutum ke tsoro ɗan baffansa ne, ba wani baƙo daga nesa ba. Mai irin wannan zama ba ya bukatar ganuwar da za ta tare runduna. Abin da yake so shi ne wurin da zai kwana da iyalinsa ba tare da mutum ashirin sun faɗo masa da tsakar dare ba. Gidan hasumiya ya biya wannan bukata, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin matsakaicin mai ƙasa ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: ƙarni na 15 lokaci ne da arziki ya farfaɗo. Ana fitar da fatu da kifi da ulu zuwa Faransa da Sifaniya, ana shigo da giyar inabi da gishiri da ƙarfe. A shekarun ne kuma aka gina gidajen ibada masu yawa a yammacin ƙasar, kuma idan aka dubi sassaƙar tagoginsu da ta hasumiyoyin za a ga hannu iri ɗaya.

Gaskiya ne hukuma ta riƙa biyan mutane fam 10 don su gina?

Gaskiya ne, amma a yanki ƙarami. A 1429, zamanin sarki Henry na VI, an yi doka cewa duk wani talakan sarki a gundumomin Dublin da Meath da Kildare da Louth da ya gina hasumiya cikin shekara goma, mai tsawon ƙafa 20, faɗin ƙafa 16, tsayin ƙafa 40 ko fiye, za a ba shi tallafin fam 10. Manufar ita ce a tsare iyakar Pale. Mutane sun karɓa hannu bibbiyu, har a 1449 aka taƙaita yawan waɗanda za a gina a Meath. Hasumiyar Donore a gundumar Meath ita ake yawan nunawa a matsayin misalin wannan awo.

An daɗe ana cewa daga wannan doka ne salon ya samo asali. Masana da dama yanzu ba su yarda ba, kuma ina ganin hujjarsu ta fi ƙarfi. Doka ba ta tsaya bayyana abin da hasumiya take ba, alamar cewa mutane sun riga sun san ta. Sa'annan wuraren da gidajen suka fi cunkushewa, irin su Limerick da Clare, ko kusa da Pale ba su yi ba. O'Donoghue bai karɓi ko sisin sarkin Ingila ba kafin ya gina Ross.

Idan mutum ya iso ƙofar gidan, me zai tarar?

A nan ne duk dabarar ginin ta taru, don haka bari mu bi ta a hankali.

Tun kafin ya taɓa ƙyaure, akwai wani ɗan akurkin dutse da ya ɓullo daga bango can sama, daidai kan ƙofa, ƙasansa a buɗe. Wanda ke ciki yana iya sako dutse a kan duk mai tsaye a bakin ƙofa ba tare da an gan shi ba. Gindin bangon kuma ba a miƙe yake ba, ya baje waje kamar gindin rumbu. Wannan na ƙara wa ginin ƙarfi, yana wahalar da mai son fasa shi ta ƙasa, kuma dutsen da aka sako daga sama kan doki gangaren ya yi tsalle cikin maharan.

Ƙyauren biyu ne. Na waje raga ce ta ƙarfe. Ba daga waje ake kulle ta ba: sarƙa ce ke maƙale da ita, ta bi ta wani rami da aka huda a jikin dutsen gefen ƙofa, na ciki ya ja ya ɗaure. A gidaje da yawa ƙarfen ya daɗe da ɓacewa, amma ramin sarƙar na nan, mutum na iya zura yatsa a ciki. Bayan ragar sai ƙyauren katako mai kauri, an haɗa shi da falle biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, don kada gatari ya bi tsagin itacen ya raba shi. Ta ciki kuma ana tokare shi da gungumen da ke shigewa cikin bango.

Wanda ya ci ƙarfin waɗannan biyun bai shiga gida ba tukuna. Ɗan ƙaramin zaure zai tarar, wanda da ƙyar zai ɗauki mutum uku, ga ƙofofi a rufe a gabansa da gefensa: ta ma'aji, ta ɗakin mai gadi, ta matakala. Idan ya ɗaga kai zai ga rami a rufin zauren. Ramin kisa ake ce masa. Daga ɗakin da ke sama ana iya harbo kibiya ko bindiga, ko a soko mashi, a kan mutumin da ba shi da wurin kaucewa. Wannan rami ne ya fi komai taɓa ni a ginin nan. Ta ƙarƙashinsa amarya ta shiga, ta ƙarƙashinsa yaran gida ke fita wasa kullum, kuma ta ƙarƙashinsa ake shigo da baƙon da aka gayyato cin abinci.

An ce matakalar an murɗa ta ne don ta cuci mai hari. Haka ne?

Masu zagayawa da baƙi kan faɗi haka. Matakalar Ross tana murɗawa ne kamar dodon koɗi, tana bin hannun agogo idan ana hawa, saboda haka mai hawa da takobi a hannun dama ginshiƙin tsakiya zai tare masa hannu, na sama kuwa hannunsa a sake. Suna kuma nuna cewa matakan ba tsayinsu ɗaya ba, don baƙon da bai saba ba ya yi tuntuɓe. Bayanin na da daɗin ji, sai dai masana tarihin gini da yawa na ɗari-ɗari da shi, domin akwai hasumiyoyi bila adadin da matakalarsu ke bin ɗaya hannun, kuma shekaru ɗari biyar na tafin ƙafa sun isa su sa matakai su bambanta. Abin da ba a gardama a kansa shi ne ƙuncinta. Mutum ɗaya take ɗauka, saboda haka ko maharan sun kai hamsin, ɗaya bayan ɗaya za su hau.

Yaya aka raba hawa-hawan, kuma me ya sa maigida ke can ƙoli?

A Ross hawa biyar ne. Na ƙasa ma'aji ne, mai duhu da sanyi, inda ake ajiye hatsi da man shanu da ganguna. Na biyu da na uku na barori ne da masu gadi, a nan suke kwana a kan shimfiɗar ciyawa, a nan ake hidimar abinci. Na huɗu turakar maigida da iyalinsa. Na biyar shi ne babban zauren da yake cin abinci, ya karɓi baƙi, ya yi shari'a.

Dalilin farko tsaro ne: can sama ne kaɗai za a iya buɗe manyan tagogi ba tare da fargaba ba, don haka can ne haske da iska suke. Na biyu wuta. Daɓen hawa-hawan ƙasa katako ne, amma rufin hawa na huɗu baka ne na dutse, kuma a kansa daɓen zauren ya zauna. Ko an cinna wa ƙasa wuta, ba za ta ci ta kai sama da sauƙi ba. Wannan daɓen dutse ne kuma ya ba da damar hura wuta a tsakiyar zaure a gidajen farko, hayaƙi na fita ta rufi, kafin murhun bango mai bututun hayaƙi ya yaɗu a ƙarni na 16. Dalili na uku girma ne. Baƙo sai ya bi duhu da ƙunci hawa huɗu yana haki, sa'annan ya ɓullo cikin ɗaki mai faɗi da haske, ga maigida a zaune, ga tafki da duwatsu ta taga, duk ƙasarsa.

Da me aka gina su?

Da dutsen da ke kusa, wanda a mafi yawan ƙasar dutsen farar ƙasa ne. Shi ake fasawa a yi bango, shi kuma ake ƙonawa a matoya a samu garin da ake kwaɓawa da yashi ya zama abin ɗaura duwatsu. Kaurin bango a ƙasa kan kai mita 2 ko fiye, shi ya sa ake samun wurin saka matakala da lunguna da ƙananan ɗakuna a cikinsa. Duwatsun da aka sassaƙa da kyau na kusurwa ne da bakin ƙofa da tagogi. Rufi kuwa gungumen itacen ok ne, a lulluɓe da falalen dutse ko jinka.

Yadda suke yin bakan dutse abin tsayawa a duba ne. Sai su kafa firam na itace, su shimfiɗa masa saƙar tsumagu irin ta kwando, kamar dai zana, su lanƙwasa ta yadda suke so bakan ya kasance. A kanta ake zuba kwaɓi, a jera duwatsu. Idan ya bushe sai a cire itacen. Har gobe idan mutum ya shiga ɗakin ƙasa na hasumiyoyi da yawa ya haska fitila sama, zai ga zanen saƙar ya fito raɗau a jikin kwaɓin, tsumagiya bisa tsumagiya, wani wurin ma da guntun itacen a maƙale. Ba a rubuta sunayen masu saƙar ba, amma aikin hannunsu na nan.

Wani abin da ido ke yaudarar mutum a kai shi ne launi. Toka-tokar da ake gani yau tsiraicin gini ne. A zamaninsu an yaɓe su da farar ƙasa ciki da waje, saboda ruwan saman ƙasar ba ya ɗaukewa. Fari fat suke, ana hango su daga nesa a cikin koren ƙasa.

Tsinin da ke saman bango fa? Da gaske ana zubo tafasasshen mai?

Rawanin ginin ke nan, kuma a bayansa akwai 'yar hanyar da mai gadi ke zagayawa. A Ayalan haƙoran rawanin hawa-hawa ake yin su, kamar matakala, salon da ya zama tambarin ginin ƙasar a ƙarni na 15 da na 16. A Ross akwai kuma 'yan ɗakunan leƙe da suka ɓullo a kusurwa biyu masu kallon juna ta gicciye, yadda kowanne zai tsare bango biyu. Shahararren dutsen nan na hasumiyar Blarney a Cork, wanda masu yawon buɗe ido ke kwanciya rigingine su sumbata, yana jikin irin wannan rawani ne mai buɗaɗɗen ƙasa.

Batun mai kuwa, mai abu ne mai tsada, ba a zubar da shi. Dutse aka fi sakowa.

Ina ake kai shanu idan an kawo hari?

Cikin katanga. Hasumiya ba ita kaɗai take tsaye ba yadda ake ganinta yau. Tana cikin wani fili da aka kewaye da bangon dutse, wanda sunansa na Gelik ake danganta shi da kalmomin “saniya” da “kagara”. A Ross katangar na da 'yan hasumiyoyi masu da'ira a kusurwa huɗu, biyu sun rage. A cikin filin akwai madafa da bargar dawaki da rumbuna da bukkokin ma'aikata, galibi na itace da jinka, shi ya sa suka ɓace. Wasu gidajen ma suna da wani dogon zauren biki a ƙasa, dabam da hasumiyar. A Aughnanure, gidan zuriyar O'Flaherty a Galway, katanga biyu ce, kuma bango ɗaya na zauren bikin na tsaye da sassaƙar ganyen inabi a tagoginsa.

Yaya zaman ciki yake?

Akwai sanyi da laima da hayaƙi. Gilashi sai ƙalilan, yawancin tagogi ƙyauren katako ne. Ana baza ɗanyar ciyawar fadama a daɓe, idan ta ƙazantu a share a kawo sabuwa. Kayan ɗaki kaɗan ne: teburi, benci, akwatuna. Bayan gida ɗan lungu ne a cikin bango, da mazauni a kan rami mai gangarawa har gindin gini. Abinci kuwa ya dogara ga saniya: madara, kindirmo, man shanu, cuku, da wainar hatsin ot, sai nama idan ana biki.

Amma gida ne na karamci, domin a wajen mutanen nan rowa babban abin kunya ce ga shugaba, kuma mawaƙa na iya ɓata sunan marowaci a faɗin ƙasa. Wani alƙali ɗan Ingila mai suna Luke Gernon, da ya yi aiki a lardin Munster, ya bayyana ziyara irin wannan a 1620. Ya ce zauren na can ƙoli, kuma wanda ya hau ba zai sauko ba sai gobe. Uwargida za ta tarbe shi da 'yan rakiyarta, a jero masa duk abin shan da ke gidan ɗaya bayan ɗaya, a zaunar da shi gaban wutar da aka hura a tsakiyar ɗaki. Ana tsakiyar cin abinci makaɗi zai ɗaura tsirkiya ya fara waƙoƙin da. Abin kiɗan shi ne mai tsirkiyoyi da yawan nan da hotonsa ke kan kuɗin Ayalan a yau.

To sansanin yaƙi ne ko gidan zama?

Gidan zama ne da aka shirya wa mummunan dare. Duk kariyar da aka lissafa tana aiki ne a kan 'yan tsirarun mahara masu gatari da tsani, waɗanda ke so su gama su gudu kafin gari ya waye. Hasumiyoyi da yawa ko rijiya babu a cikinsu, wanda ke nuna ba a yi su don doguwar tsarewa ba. Wasu ramukan harbin ma idan aka leƙa ta cikinsu ba sa kallon inda ya kamata. Ni dai ina ganin rabin aikin hasumiya shi ne a gan ta. Mai ita na shaida wa dangi da maƙwabta cewa wannan ƙasa tasa ce, kuma yana da abin da zai tara magina. Da wani ya gina, sai ɗan'uwansa ma ya ga bai kamata a bar shi a baya ba.

Sarakunan gargajiya ne kaɗai ke da su?

A'a, kuma wannan na cikin abin da ya sa suka zama na musamman. 'Yan asalin Gelik sun gina, jikokin Normawa irin su Butler da FitzGerald da Burke sun gina, limaman coci sun gina a jikin majami'unsu. Fatake ma sun gina a cikin gari, kaya a ƙasa, iyali a sama, kamar yadda ake gani a Carlingford da Ardglass da Dalkey. Mace ma ta riƙe: Gráinne Mhaol, wadda Turawan Ingila ke kira Grace O'Malley, shugabar jiragen ruwa a gaɓar Mayo, ta zauna a hasumiyar Rockfleet da ke bakin teku, ita ce kuma ta je har Greenwich ta gana da sarauniya Elizabeth ta I a 1593.

Su ne dogayen hasumiyoyin nan masu da'ira da ake gani a hotuna?

Ba su ba ne. Waɗancan siraran, masu tsini kamar alƙalami, irin ta Glendalough mai tsayin kusan mita 30, na gidajen ibada ne, ana kaɗa ƙararrawa a cikinsu, kuma sun girmi gidajen hasumiya da ɗaruruwan shekaru. Akwai dai 'yan gidajen hasumiya masu da'ira, kamar Newtown a gundumar Clare.

Yaya Ross ya fita daga hannun waɗanda suka gina shi?

Kimanin shekara ɗari kawai suka yi a ciki. Gidan O'Donoghue Mór ya mara baya ga tawayen da gidan sarautar Desmond ya yi wa mulkin Ingila daga 1579 zuwa 1583, tawayen da aka murƙushe da kisa da yunwa a lardin Munster. Ƙasarsu ta koma hannun MacCarthy Mór, shi kuma ya jinginar da ita ga Sir Valentine Browne, ɗan Ingilan da aka aiko ya auna filayen da aka ƙwace. Zuriyar Browne ta zauna, ta yi auratayya da mutanen wurin, ta riƙe ɗariƙar Katolika, daga baya ta zama gidan sarautar Kenmare.

Babban abin da ake tuna Ross da shi ya faru ne a 1652, a ƙarshen yaƙin da Oliver Cromwell, jagoran sojojin majalisar Ingila, ya kawo Ayalan a 1649. Lord Muskerry, ɗaya daga cikin jagororin mayaƙan Ayalan, ne ke riƙe da gidan, kuma yana cikin wurare na ƙarshe a Munster da ba su miƙa wuya ba. Janar Edmund Ludlow na ɓangaren Cromwell ya zo da dubban sojoji ya tsaya ta tudu. Da ya ga ta nan da wuya, sai aka haɗo jiragen ruwa a Kinsale, aka biyo da su ta teku, aka jawo su ta kogin Laune har cikin tafkin. Akwai tsohuwar magana a wurin cewa ba za a ci Ross da yaƙi ba sai ran da jirgin yaƙi ya yi iyo a tafkin, kuma ana cewa ganin jiragen ne ya karya zuciyar na ciki. Ko babu wannan magana, lissafin a fili yake: ta ruwa abinci ke zuwar musu, ta ruwa kuma ginin ba shi da kariya daga igwa. Muskerry ya miƙa wuya a watan Yuni.

Bayan yaƙin Ross ya koma hannun gidan Browne, har suka gina sabon gida a jikin hasumiyar wajen 1688. Sai suka bi sarki James na II, aka ci shi da yaƙi a bakin kogin Boyne a 1690, Ross ya zama barikin soja har zuwa farkon ƙarni na 19. Bayan sojoji sun tashi aka bar shi ba rufi.

Me ya kawo ƙarshen gina su?

Igwa na ciki. Tun 1535, da aka ci babban sansanin Maynooth da ita, aka san bangon dutse ya daina zama abin dogaro, ko da yake jan igwa a cikin fadamun Ayalan aiki ne ja, shi ya sa hasumiyoyi suka ƙara shekara ɗari suna amfani. Magina ma sun bi zamani, suka riƙa huda 'yan ramukan bindiga a gefen ƙofa da tagogi.

Abin da ya fi igwa shi ne rushewar zaman da ya haife su. Sojojin Ingila sun ci sarakunan Gelik a Kinsale a 1601, manyansu na arewa suka bar ƙasar a 1607, aka yi ta ƙwace filaye ana ba baƙi. Hukuma guda ta kama ƙasa, harin shanu ya zama laifin da ake rataye mutum a kansa. Masu kuɗi suka koma son gida mai faɗi da manyan tagogi, kamar wanda Richard Burke ya gina a Portumna wajen 1618. Duk da haka wasu sun riƙe tsohon salo har ƙarshe. A Derryhivenny, ba nisa da Portumna, gidan O'Madden ya gina hasumiya da katangarta a 1643, shekara shida kafin Cromwell ya sauka.

Mece ce tatsuniyar farin doki?

Mutanen Killarney na cewa O'Donoghue bai mutu ba. Wata rana ya fice ta tagar babban zauren ya faɗa tafki, da shi da dokinsa da teburinsa da littattafansa, yana can a wata fada a ƙarƙashin ruwa. Duk bayan shekara bakwai, da asubahin ranar 1 ga Mayu, yakan fito a kan farin doki ya zagaya tafkin, kuma wanda ya gan shi ya dace har ƙarshen ransa. Mutanen da suka riƙe wannan labari suna ta ba 'ya'yansu su ne waɗanda suka yi shekaru aru-aru suna biyan kuɗin haya a kan gonakin kakanninsu.

Ana iya shiga a yau?

Ana iya. Ross na hannun hukumar ayyuka ta gwamnatin Ayalan, wadda ta yi shekaru tana gyara shi, ta mayar masa da rufin itacen ok da daɓe, ta zuba kayan ɗaki na ƙarni na 16 da na 17. Yana cikin gandun daji na ƙasa na Killarney, tafiyar kimanin kilomita 2 daga gari. Ana shiga hasumiyar ne rukuni-rukuni tare da ɗan jagora, mutum kaɗan a lokaci guda saboda ƙuncin matakala, kuma akan rufe cikin hunturu. Daga bakin ruwan ana ɗaukar kwalekwale zuwa tsibirin Innisfallen, inda kangon tsohon gidan ibada yake.

Wanda ke son ganin wani mai girma sai Bunratty a Clare, ginin wajen 1425, wanda Lord Gort ya saya a 1954 aka gyara aka buɗe a 1960. Wanda kuma ke son ganin wanda hannun gyara bai taɓa sosai ba, ya nemi Clara a gundumar Kilkenny, inda gungumen ok na asali ke nan a mazauninsu, da wani ɓoyayyen ɗaki da ake shiga ta wurin da aka yi wa siffar mazaunin bayan gida. Sauran dubban kuwa suna cikin gonakin mutane ne. Doka ta kare su, amma ƙasar ta mai gona ce, sai an yi sallama an nemi izini, kuma a yi hattara da duwatsun sama, domin saiwar ciyawa ta sassauta da yawa daga cikinsu.